Filin Malamin Gona: Gonar da ta koma daji, ta ina za a faro?

Yawancin wasiƙun da suka zo mini a wannan karon a kan abu ɗaya suke. Ƙasa ce aka bari ta yi shekaru babu mai taɓa ta, yanzu mai ita ya waiwayo yana son ya ci abinci daga cikinta. Na zaɓi guda shida, na rage tsawon wasu don fili ya ishe mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona mai girman kusan hekta 2. Shekara 12 ke nan rabonta da fartanya, domin duk mun watse neman abinci. Da na je dubawa na tarar ciyawa ta shanye tsayina, ga ƙaya, ga sabara da kalgo ko'ina. Masu ba ni shawara sun ce in bari rani ya tsaya in cinna mata wuta, sannan in kawo tarakta ta kafce ta gaba ɗaya. Ni kuwa so nake gonar ta riƙa ciyar da gidanmu har 'ya'yana su gaje ta. Ta ina zan fara? Daga wani magidanci, ma'aikacin ofis.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Abu na farko, ɗan'uwa, ka mayar da ashanar nan aljihu.

Dajin da ka tarar aiki ne da ƙasar ta yi wa kanta shekara 12. Kowace damina ciyawa ta fito, kowane rani ta mutu ta kwanta. Saiwoyinta sun ruɓe a ciki sun bar ƙananan hanyoyin da ruwa zai bi. Sabara da kalgo sun zura jijiya can ƙasa inda hatsi ba ya kaiwa, sun jawo abinci sama, sun zubar da shi a ganye. Gara da tana sun ja wannan ganyen sun shigar da shi ciki. Asusu ne ƙasar ta yi ta tarawa ba ka nan, wuta kuwa fasa shi za ta yi a yini ɗaya. Idan ciyawa ta ƙone, kusan duk sinadarin naitirojin da ke jikinta, wato wanda ke sa ganye ya yi kore shar, yana bin hayaƙi ne. Abin da ya rage a toka, irin su fotasiyam da kalsiyam da ɗan fosfaras, iskar rani ta kwashi wani, ruwan farko ya wanke wani. Gaskiya ne shukar shekarar farko bayan ƙuna takan yi kyau, shi ya sa mutane suka yarda da ita. Amma ka je ka duba gonar a shekara ta uku. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce samuwar sentimita 2 zuwa 3 na ƙasar noma kan iya ɗaukar har shekara 1000. Ƙasar da aka tsiraita kuwa ruwan sama guda mai ƙarfi ya isa ya tafi da saman nata.

Kafin ka sare ko da reshe ɗaya, ka zaga gonar da ƙafa, kuma ka daure ka je sau ɗaya ana tsaka da ruwan sama. A lokacin ne za ka ga inda ruwa ke kwanciya, da inda yake gudu, da inda ya fara cin ƙasa. Ka lura da ciyayin, domin suna ba da labari. Inda gamba ta yi kauri ta yi tsayi, ƙasar wurin ta farfaɗo. Inda ba ka ga komai ba sai burburwa jefi-jefi, wurin a gajiye yake. Inda ka ga tofa, ka kafa sanda ka yi alama, domin aikinta daban ne, kuma zan yi bayaninta a amsa ta gaba. Ka tona ramuka masu zurfin rabin mita a wurare daban-daban ka ga iya inda baƙar ƙasa ta tsaya. Ka cika ɗaya da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan har washegari ruwa na nan, wurin ba na kowace shuka ba ne. Sannan ka ɗebi ƙasa ka zuba a kwalba mai haske, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushi ya biyo bayan wasu sa'o'i, laka kuwa sai ta kwana ko ta wuce. Kaurin kowane layi zai nuna maka irin ƙasar da ka gada.

Daga nan sai ka raba gonar gida huɗu, ka ɗauki kashi ɗaya kawai a bana, wanda ya fi kyau kuma ya fi kusa da hanya. A nan mutane suka fi ƙin jin maganata, ni kuwa a nan na fi dagewa. Kai ma'aikaci ne, ranakun hutu kaɗai gare ka. Duk inda ka share ba ka shuka ba, ko ka shuka ba ka iya nome shi ba, ciyawa za ta dawo, kuma wadda ke zuwa bayan an tsiraita ƙasa ta fi wadda ka tarar naci. Kashi ukun da ka bari ba asara ba ne. Suna ci gaba da hutawa, kuma daga can za ka riƙa yanko ciyawar da za ka lulluɓe wanda ka shuka.

Wajen sassabe, ka yi amfani da adda da lauje, kuma ka yanke ciyawa tun kafin 'ya'yanta su nuna. Ka faro daga gefe ɗaya kana nufar ɓangaren da ba za ka taɓa ba, don maciji ya sami hanyar gudu. Kada a yi wa wurin zobe, kuma kada kowa ya shiga ba takalmi mai rufe ƙwauri. Abin da ka yanke ka shimfiɗa shi a wurin. Rassan ƙaya su tafi shinge, manyan itatuwa su tafi murhu. Ka kuma share wata hanya mai faɗin mita 3 ko fiye kewaye da gonar, domin in kai ba ka sa wuta ba, maƙwabci na iya sawa.

Batun tarakta kuma, ban hana ta har abada ba, amma ba bana ba. Kututtura za su karya mata faifai, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ƙasar da ta yi shekara 12 tana karɓar 'ya'yan ciyawa cike take da su, kuma waɗanda suka nutse ba su mutu ba, barci suke. A shekarar 1879 wani malamin tsirrai a Mishigan ta Amurka, William Beal, ya binne kwalabe 20 cike da yashi da 'ya'yan ciyayi don a riƙa tono ɗaya lokaci-lokaci. Da aka tono wata a 2021, bayan sama da shekara 140, wasu daga cikin 'ya'yan sun tsiro. Duk lokacin da ka juya ƙasa da zurfi, kana fito da irin waɗannan ne zuwa haske. A bar kaza cikin gashinta. Ka buɗe inda iri zai shiga kawai. In kana da haƙuri, ka bari ruwan farko ya tayar da ciyawar da ke sama, ka bi ta da fartanya sama-sama tun tana ƙarama, sannan ka yi shuka.

Kututturan sabara da kalgo da sauran itatuwa kada ka tumɓuke su duka. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi na Nijar, ya lura cewa ƙananan tohon da ake sarewa kowace shekara a gonaki suna fitowa ne daga kututturan itatuwa masu rai da jijiya mai zurfi. Maimakon dasa sababbi, sai aka koma zaɓar toho ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a riƙa yi musu aski. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Shawarata ka fara da barin kamar 30 zuwa 40 a hekta. In ka ci karo da gawo, ka riƙe shi da hannu biyu, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

A shekarar farko ka haɗa hatsi da wake ko gyaɗa. Bayan kamar mako 6 ka tuge wake ɗaya ka duba ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa. Ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to yana kamo naitirojin daga iska yana ajiye maka.

TAMBAYA: Malam, ina da fili a bayan gida da nake son in mayar lambu. Sau uku ina sa yara su nome shi tas, amma kafin mako biyu tofa da aya-aya sun dawo kamar ba a taɓa ba. Maƙwabciyata ta ce in sayi maganin feshi in huta. Shin akwai wata hanya? Daga wata uwar gida.

AMSA: Hajiya, yaran sun yi aikinsu, sai dai abin da suka nome ba shi ne ciyawar ba. Fiye da rabin jikin tofa yana ƙarƙashin ƙasa, wasu fararen jijiyoyi ne masu tsini da ke tafiya a kwance. Kowane guntu da fartanya ta yanke yana iya zama sabuwar tofa. Wuta ma ƙara mata ƙarfi take yi, domin tana kashe abokan gasarta ta bar ta ita kaɗai. Amma tana da lago guda: ba ta jure inuwa.

Tunda filin bayan gida ne, kwali zai yi miki aiki. Ki sa a yanke ciyawar har ƙasa, a jiƙa wurin, a shimfiɗa kwalaye bayan an cire musu ledar manne da ƙusoshi. Kowane kwali ya hau kan ɗan'uwansa da kamar sentimita 15, domin tofa ƙofa kaɗan take nema. A sake jiƙawa, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya ko ganye mai kaurin sentimita 10 zuwa 15. Gara za ta ci kwalin, kuma wannan ba matsala ba ce, taki take yi miki. Sai dai ki riƙa dubawa, duk inda ya huje ki ƙara wani. Kada ki ɗaga da wuri. Tofa na bukatar damina guda cur a cikin duhu kafin ajiyar da ke cikin jijiyarta ta ƙare. Ba sai kin zauna jira ba: ki huda kwalin nan da can ki dasa kabewa ko dankali, ganyensu ya ƙara wata inuwar a sama.

Ga mai fili babba wanda kwali ba zai ishe shi ba, akwai wani nau'in karara marar ƙaiƙayi da malaman gona ke kira mukuna. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike sun kai wa manoman kudancin Jamhuriyar Benin ita don gyaran ƙasa, amma abin da ya sa manoman suka rungume ta shi ne ganin yadda take hawa kan tofa ta danne ta. A sare tofa, a shuka mukuna da yawa a farkon damina, a sake sare tofar sau ɗaya ko biyu har mukunar ta rufe. Sai dai a kula, 'ya'yanta ba abin da za a dafa a ci kai tsaye ba ne, suna da sinadarin da ke cutarwa in ba a sarrafa su ba.

Aya-aya ta fi wuya, ba zan ɓoye miki ba. 'Ya'yanta na ƙasa a jere suke kamar carbi, kuma in aka tsinke igiyar, waɗanda ke barci sai su farka. Tsininta na huda baƙar leda. Abu biyu ne ke cin ta. Na farko rana: da tsakiyar rani a kafce wurin a bar 'ya'yan a sarari su bushe ƙayau, a sake juyawa bayan mako biyu, a tsince abin da aka gani. Na biyu naci: duk wadda ta leƙo a cire ta tun ba ta kai ganye 5 ko 6 ba, domin kafin nan cin ajiyarta take yi, bayan nan kuwa sabuwar ajiya take tarawa.

Game da feshi, ni ba na son sa a wurin da yara ke wasa kuma ake tsinkar ganyen ci. Irin maganin da ke da sinadarin farakwat saman ciyawa kawai yake ƙonawa, jijiyar tana nan, ga shi guba ce da ba ta da makari, kuma Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Mai gilaifoset yana sauka har jijiya in an fesa a kan ɗanyen ganye mai girma, amma a 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, ko da yake hukumomin Turai da Amurka ba su yarda da hakan ba. Ga ɗan fili irin naki, kwali da haƙuri sun isa.

TAMBAYA: Malam, akwai wani kango kusa da mu da aka daɗe ana zubar da shara, kafin nan kuma an ce masu gyaran mota ne a wurin. Ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore. Mu matasa shida ne muke son mu share mu shuka kayan lambu. Ba taki ne ya riga ya taru mana ba? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, Allah Ya yi muku albarka da wannan niyya, amma ku dakata. Koren ciyawa yana nuna akwai abincin shuka. Ba ya nuna babu guba. Inda aka fasa tsofaffin batura, ko aka zubar da baƙin mai, ko aka ƙona wayoyin lantarki da tarkacen na'urori, ko tsohon fenti ya zube, akwai yiwuwar dalma ta zauna a ƙasar. Shi kansa fetur ɗin mota mai dalma sai a 2021 aka daina sayar da shi a duniya baki ɗaya. Dalma ba ta ruɓewa, ruwa ba ya wanke ta, ido ba ya ganin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa tun tana girma.

Ku ɗebi ƙasa daga saman sentimita 15 a wurare da dama, ku kai ɗakin gwaji na wata jami'a ko cibiyar binciken noma, ku ce a duba muku dalma da sauran ƙarafa masu guba. Wuraren da kuke zargi, kamar inda ƙasa ta yi baƙi da mai, ku ƙulle nasu daban. Don ku sami abin aunawa, a Janairun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta rage mizaninta na dalma a ƙasar gidaje daga kashi 400 cikin miliyan zuwa 200.

In gwajin ya gagara, ku ɗauka wurin gurɓatacce ne, ku yi noma a samansa. Ku kwashe shara da safar hannu da takunkumi, ba tare da ƙonawa ba. Ku gina fangali mai tsayin sentimita 30 zuwa 40 da bulo ko katako, ku shimfiɗa buhuna a ƙasansa, ku cika da ƙasa mai tsabta da taki daga wani wuri. Hanyoyin da ke tsakani ku rufe su da tsakuwa ko ciyawa, domin yawancin dalmar ta ƙura da ƙasar da ke manne a hannu da ganye take shiga jiki. Ku fi ba da ƙarfi ga masu 'ya'ya a sama, irin su tumatir da barkono da kuɓewa. Masu ganye da masu saiwa, irin su latas da karas, su suka fi kwaso ta. Kada ku saki kaji su yi tono a wurin, domin tana fita a ƙwai. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, da abinci da taki suka yanke wa Kyuba, da irin wannan fangali mutanen Habana suka mayar da kangwaye da wuraren tarkace lambuna.

TAMBAYA: Baba Malam, tawa matsalar ba daji ba ce. Filin da aka ba ni fako ne a gangare, ya yi tauri kamar daɓe, ko ciyawa ba ta fita. In an yi ruwa sai ya bi ta kai ya wuce. Akwai abin da za a iya yi, ko in haƙura? Daga wani matashi mai sha'awar noma.

AMSA: Kada ka haƙura, ɗana. Fako ƙasa ce da ta rasa abin rufa, ɗigon ruwan sama ya yi ta dukan ta har samanta ya toshe. Abin da take bukata shi ne a tsayar da ruwa ya zauna.

Ka ji labarin Yacouba Sawadogo, manomi daga yankin Yatenga a arewacin Burkina Faso. Wajen 1980, lokacin da fari ke korar mutane daga ƙauyuka, ya ɗauki tsohuwar dabarar tona ramukan shuka da ake kira zai, wadda a Nijar ake ce wa tassa, ya yi mata gyara biyu: ya faɗaɗa ramukan, kuma ya riƙa zuba taki a ciki tun da rani. Takin na jawo gara, gara ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwan farko ya bi ta nan ya nutse. A kan fako ya tayar da daji mai kusan hekta 40 da ire-iren itatuwa sama da 60. An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a Disambar 2023.

Da rani ake tona ramukan, da diga ko dagi. Faɗi sentimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kamar 80. Kada ramukan layi na biyu su zauna daidai bayan na farko, su faɗa tsakaninsu, don ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya ya faɗa wani. Ƙasar da ka tono ka tara ta a gefen gangare, ta zama 'yar katanga. Kowane rami ya sami taki cikin tafi biyu. Aiki ne mai cin jiki, hekta guda na ɗaukar ramuka sama da 10,000, don haka ka auna abin da ƙarfinka da takinka za su iya. Ramuka 500 masu taki sun fi 5,000 da babu komai a ciki. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, tun kaka ake fara tara takin.

Tunda gangare ne, ka jera duwatsu layi-layi a gicciye, ta yadda kowane layi zai bi wuraren da tsayinsu ɗaya. Doguwar tiyo mai haske cike da ruwa ta isa ta nuna maka: inda ruwan bakin nan da na bakin can suka daidaita a jikin sanduna biyu masu alama iri ɗaya, wuraren biyu tsayinsu ɗaya ne. In babu dutse, ka dasa jema ko gamba a layin. Ka faro daga sama, domin in ka fara daga ƙasa ruwan da ya taho da gudu zai rushe aikin. Duk karan da ka samu, ko rassa, ka jefa a kan fakon da ke tsakanin ramuka, iska za ta tara musu ƙasa da 'ya'yan ciyawa.

Tassa ba ta yi a yashi mai rugujewa, kuma ba ta yi a inda ruwa ke yawa har ya kwanta, domin shukar za ta ruɓe a rami.

TAMBAYA: Malam, in na saki awakina a saurar da nake son nomawa, za su share mini ita? Daga wani dattijo mai kiwo.

AMSA: Ranka ya daɗe, za su taimaka ƙwarai, musamman ga ƙaya da ƙananan itatuwa, domin akuya ta fi son ganyen sama a kan ciyawar ƙasa. Amma a killace su a ɗan wuri su cinye shi, a matsa da su gaba, a dawo da su in toho ya sake fitowa. Sai an maimaita kafin kututture ya gaji. Itatuwan da kake son bari a kewaye su da ƙaya, in ba haka ba da su za su fara. Kuma a fitar da su tun ƙasa ba ta tsiraita ba. A babban aikin farfaɗo da tuddan Lowes na ƙasar Sin da aka fara a 1994, hana sakin dabbobi barkatai na cikin abubuwan da suka dawo da ciyayi a wuraren da suka zama ƙura. Kashin awakin yana ɗauke da 'ya'yan ciyawa, don haka gara a tara shi da ganye a jiƙa, a riƙa juyawa har cikinsa ya yi zafin da hannu ba ya jurewa. In ɗanye za a zuba, dokar noman da ba a sa sinadari ta Amurka ta ce a bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Mizani ne mai kyau ga kowa.

TAMBAYA: Malam, wani bawan Allah ya ce in noma filinsa da ya yi shekaru a yashe, kyauta, har sai ya bukace shi. Ina tsoron in gama wahalar gyarawa ya ce in tashi. Yaya zan yi ba tare da na ɓata masa rai ba? Daga wata bazawara mai 'ya'ya huɗu.

AMSA: 'Yar'uwa, tsoronki a kan hanya yake, kuma neman a rubuta ba rashin godiya ba ne. Mai filin na iya zama mutumin kirki, amma magadansa ba su san alkawarin da ya yi miki ba. Shi kansa Yacouba Sawadogo da na ambata, bayan ya raya dajinsa, faɗaɗar birnin Wahiguya ta ci wani ɓangare nasa aka yanka filaye, saboda ba shi da takardar mallaka.

Ki je da wani babba da yake jin nauyinsa. Ki fara da godiya, sannan ki bayyana masa cewa gyaran irin wannan fili ba ya biyan mai shi a shekarar farko, sai ta uku zuwa sama. Ki roƙi a sa wa'adi, shekara 5 in zai yiwu, a rubuta a gaban shaidu, har da ɗaya daga cikin 'ya'yansa. A rubuta cewa in zai karɓa zai sanar da ke tun damina guda kafin nan, kuma ba za a tashe ki da amfani a tsaye ba. A faɗi makomar shinge da rijiya da duk itacen da kika dasa. Ki tambaye shi musamman game da itatuwa, domin masu filaye da yawa na kallon dasa itace a matsayin neman mallaka. In ya ga kin fito da maganar da kanki, hankalinsa zai fi kwanciya. Ki kuma nuna masa ribarsa: fili mai mai kula ba ya zama juji, ba a kuma cin iyakarsa.

In ya ce shi dai shekara-shekara zai iya, ki karɓa, amma ki auna jarinki da wa'adin. Ki share ɗan abin da za ki iya, ki shuka masu saurin nuna kamar wake da kuɓewa da ganyaye. Takinki ki zuba shi a gindin shuka kawai, kada ki watsa shi ko'ina. Shingen ya zama na ƙaya ko na waya da za ki iya naɗewa, 'ya'yan itatuwa kuma ki raine su a buhu ko a bokiti, yadda duk ranar da aka ce ki tashi za ki ɗauke su a baro.